Kaset Ɗin da Ya Je Makka Ya Dawo

Ranar wata Lahadi ce bayan la'asar, a kakar shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, Baba Kofur ya iso ƙofar gidanmu a Ƙanƙara da ƙahonsa a cikin buhun taki. Ina tsugune a gindin bishiyar bedi ina ɓarar gyaɗa, ina cika ina batsewa don an hana ni zuwa gaɗa, sai ga shi ya diro daga bayan motar 'yan kasuwa da ta taso daga Sheme, hula a karkace, ƙafar wando duk ƙarangiya. Babanmu ya riga ya shimfiɗa tabarma, ya kifa turmi ya ɗora rikoda a kai, ya sa mata sababbin baturan da tun safe ya hana kowa taɓawa. Ya sa an kore awaki, ya aika a roƙi mai injin niƙa na bayan gidanmu ya ɗan dakata, sannan ya nuna ni da yatsa ya ce in na yi ko tari sai cikin gida. Baba Kofur ya zaro ƙahon, wani abu na tagulla mai maɓallai uku wanda ya sha duniya har ya lotsa a gefe, ya goge bakinsa da hannun riga, ya lumshe ido. Da ya busa, wallahi ban san lokacin da farantin gyaɗar ya zame daga cinyata ba. Ya ɗauko amon waƙar da mata ke yi a bakin turmi, wadda ko ni na sani, ya ja ta, ya lanƙwasa ta, ya tafi da ita can wani wuri har na ce ta ɓace masa, sai kuma ga ta ta dawo daidai inda ya baro ta. Haka ya yi ta yi har kaset ya cika gefe ɗaya, Babanmu ya juya shi, ya cika ɗaya gefen. Tunda aka haifi Baba Kofur ba wanda ya taɓa ɗaukar busarsa sai ranar, kuma ba a sake ba. A duk faɗin duniya kaset ɗaya ne, kuma a gidanmu yake.

Babanmu malamin gona ne. Mako yakan ƙare masa a kan babur tsakanin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, yana duba auduga, yana jayayya da manoma a kan tazarar shuka da lokacin feshi, ya dawo gida da laka har gwiwa. Amma Lahadi da la'asar ko wa ya aiko ba zai same shi ba. Akwai wata tashar ƙasar waje da ke sa kiɗan jaz a gajeren zango, shi kuwa Allah ya jarrabe shi da son wannan kiɗa tun yana makarantar koyon aikin gona. Ni ce mai hidimar rediyon, kuma ba wanda ya sa ni, ni na sa kaina. Tun hantsi, in na gama ɗibar ruwa da wanke-wanke, zan jera tsofaffin batura a kan katanga su sha rana ko sa ɗan farfaɗo, in haye bedi in gyara wayar eriya, Innarmu tana daga tsakar gida tana faɗa wai a ina aka taɓa ganin 'ya mace a kan bishiya. Kamo tashar ma aiki ne. Sai ka yi ta murɗawa a hankali, akwatin yana shuuu kamar ana suyar ƙosai a ciki, Larabci ya wuce, wani yaren da ba mu sani ba ya wuce, can sai ka ji ganga tana tafe a hankali, ƙaho ya biyo ta. In hadari ya taso kuwa, daidai inda kiɗan ya yi daɗi nan zai nutse. Baba yakan ɗaga yatsa ya ce, "Saurara, Bilki, hira suke yi. Wannan ya faɗi tashi, wancan ya amsa mashi, ba mai katse wani." A cikin gida ba mai ganin haka. Inna ta ce ita ba ta gane kiɗan da ba waƙa ba kirari, ba a ma san wa ake yabo ba. Kakata Hajiya, mahaifiyar Baba, kukan jakai take ce masa. A makaranta kuwa, ranar da na yi kuskuren kwaikwayon ƙahon da baki muna sharar fili, sai da 'yan ajinmu suka yi mako suna kirana Mai Busa.

Abokan sauraren Baba biyu ne. Akwai Malam Audu mai gyaran rediyo, da ke tahowa daga Faskari da aljihu cike da sukurori, sai kuma Baba Kofur. Shi tsohon ɗan badujalar soja ne, ya gama aiki ya koma gonar gado kusa da Sheme yana noman dawa. Ba mai gayyatarsa biki, don mutane kalangu suke so, shi kuma ya ce bai iya roƙo ba kuma ba zai koya da furfura ba. Sai dai in ya gaji da noma ya zauna a kunya ya busa wa kansa. Mai gabatar da shirin da Turanci yake magana, Baba ne ke fassarawa, kuma sau da yawa labarin mutuwa yake kawowa: wane mai ƙaho ya rasu, wane mai ganga ya rasu, yau shirin duka nasa ne. Sai su yi jugum su ukun kamar ɗan unguwarmu aka ce ya mutu, daga nan kuma musu ya kaure, Malam Audu ya ce marigayin ya fi kowa numfashi, Baba ya ce a'a, na wancan watan ya fi shi natsuwa, mutanen da ko hotonsu ba su taɓa gani ba. Wata rana bayan irin wannan shiri Baba Kofur ya daɗe yana kallon rediyon, sannan ya ce, "Ka ji masu sa'a, Malam. Sun mutu ana jin su. Ni ran da na kwanta dama, sai dai a ce an yi wani mahaukaci a Sheme mai busa ma dawa." Dariya ya yi da ya faɗa, amma Baba bai yi ba. Wannan maganar ce ta sa aka kifa turmi a ƙofar gidanmu.

Baba Kofur bai ga damina ba. Da bazara, ana tsakiyar zafin nan da ko kaji ba sa fitowa, direban motar Sheme ya tsaya a ƙofar gida ya ce Kofur ya yi zazzaɓin 'yan kwanaki, an kai shi makwancinsa tun jiya. Kafin a yi sadakar arba'in 'ya'yansa sun sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe da ƙahon, Baba ya bi sawu har kasuwa bai same shi ba. Daga nan Lahadi ta sake kama. In shirin rediyo ya ƙare sai Baba ya ɗauko kaset ɗin, shi da Malam Audu su saurara, su yi ta tuna yadda yake kumbura kumatu da yadda yake buga ƙafa, su yi masa addu'a. To, ka san halin mutanenmu. Waɗanda suka yi ta yi wa mutumin dariya yana raye, da suka ji ya mutu ya bar kaset, kowa sai ya zama masoyinsa. Wannan ya aiko yaro, wancan ya zo da kansa, aro dai, aro. Kuma a wurinmu maƙwabci ya tako ya ce ka ara masa abu, yana ganin abin a hannunka, ka ce a'a, ai ka gama zubar da mutuncinka, Baba kuwa ko a kan abin da bai kai wannan ba bakinsa nauyi gare shi. Sau ɗaya ya bayar, kaset ɗin ya dawo rikodar mutumin ta tauna zaren. Malam Audu ya zauna da reza da jan farcen Inna ya haɗa shi, har ɗigo ɗaya ja ya zuba a jikin kaset ɗin ya bushe. Ya ce wa Baba ya kai Funtuwa a kwafa tun wuri, don tasa na'urar mai baki biyu ba ta da amana. Baba ya ce in sha Allahu, sai an gama rabon taki. Kash, wannan sai an gama rabon taki har yau ban manta da ita ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya ɓalle 'yan haƙoran nan na saman kaset da ke hana a ɗauki wani abu a kansa, sannan ya shiga neman inda zai ɓoye shi, don in an zo aro ya ce ba ya hannunsa, kuma bai yi ƙarya ba.

A nan sai na yi bayanin yadda Baba yake da mahaifiyarsa, don yaran yanzu ba za su gane ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma Hajiya irin matan da ne masu kunyar ɗan fari ta gaske. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Mai babur take ce masa. Da safe zai zo ya durƙusa a bakin ƙofarta ya gaishe ta, ita kuma ta juya wajen randa ta amsa kamar da randar take. In tana bukatar abu ba za ta ce masa ba, sai ta bari yana alwala a tsakar gida ta ɗaga murya ta ce, "Mutanen gidan ga, sukari dai ya ƙare." Washegari in ta fita barka ko gaisuwar mutuwa, sai ta dawo ta tarar da sukari a ɗakinta. Ba wanda ya ce na kawo, ba wadda ta ce na gani. Haka suka yi shekara da shekaru, kuma mutanen unguwa yabawa suke yi, wai gidanmu gidan kunya ne. Ni kaɗai ce nake shiga tsakani, don ni jika ce, ina da lasisin tsokanarta, ta ce mini ja'ira in ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe. Ina yarinya abin dariya yake ba ni, mutum biyu a gida ɗaya suna aika wa juna saƙo ta hannun randa.

Hajiya tana da 'ya, Gwaggo Rabi, ƙanwar Baba, wadda ta bi mijinta Makka tun kafin a haife ni suka zauna can. Waya babu, Hajiya ba ta rubutu, don haka kowace shekara in maniyyata za su tashi sai ta ɗauki muryarta a kaset a kai mata, in alhazai sun dawo su zo da amsa. Shi ma wannan ta hanyar randa ake yin sa. Za ta ce, "Alhazai dai sun kusa tashi," sai Baba ya zaɓi ɗaya daga cikin tsofaffin kasusuwan da ya ɗauka daga rediyo ya ajiye mata. Ko saurarawa ba ta yi, murna ma take za ta shafe kukan jakai. Haƙoran da ake ɓallewa kuwa, wace tsohuwa ce a Ƙanƙara ba ta san a cusa auduga a ramin ba? A garin auduga fa muke. To, da Baba ya rasa maɓoya, sai ya tuna ɗakin da duk garin ba mai ƙarfin halin shiga ya yi bincike. Ya bari ta fita, ya naɗe kaset ɗin Baba Kofur a farin hankici, ya tura shi can ƙasan adudunta, ƙarƙashin zannuwan da ba ta ɗaurawa sai da salla. Bai gaya mata ba, don ba ya iya gaya mata. Bai gaya mini ba, don ya san bakina. Inna kawai ya gaya wa, ita kuma ta ɗauka zancen rediyo ne irin na kullum, ya shiga ta nan ya fita ta can.

Ruwan farko ya sauka Baba yana Sabuwa wajen rabon takin nan, hanya ta ɓaci, ya kwana biyu bai dawo ba. Ana cikin haka aka aiko wa Malam Haruna maƙwabcinmu, wanda zai sauke farali a shekarar, cewa su hallara a sansanin alhazai, mota za ta tashi bayan azahar. Na dawo daga makaranta da 'yar fartanyata a kafaɗa, don ranar noman gonar makaranta ce, sai na jiyo Hajiya a ɗaki tana magana da muryar nan tata ta kaset, a hankali, da ƙarfi, kamar Makkar a bayan katanga take. Tana lissafa wanda ya haihu da wanda ya rasu, tana ba da labarin gwiwarta da jar akuyarta da ta haifi tagwaye, tana cewa a aiko mata da man zafi irin na bara. Ta hango ni ta ce in zo in gaida gwaggona. Na durƙusa gaban rikoda na gaishe ta, har da ƙarin karatun da aka koya mana a Islamiyya don a san na girma. Can maɓalli ya yi ƙas, gefe ya cika. Ta danna, murfi ya buɗe, sai idona ya sauka a kan ɗigon jan farce, da auduga cushe a ramukan sama. Ihun da na yi sai da Inna ta yar da muciya ta sheƙo. Na ce na Baba Kofur ne, na ce shi ke nan a duniya babu wani, na riƙe zanenta ina roƙo ta bar shi, ɗaya gefen bai taɓu ba tukuna. Hajiya ta fizge zanenta ta ce, "Ke ja'ira, aljanu suka taɓa ki? A cikin aduduna na same shi, an naɗe mani shi da kyau. Shekara guda ɗiyata na jiran muryata, ke kina mani zancen busa." Ta mayar da shi cikin hankicin ta ƙulle, ta bayar aka miƙa wa Malam Haruna. Ina birgima a ƙasa ina jin tashin motar.

Da Baba ya dawo, tun kafin ya kafe babur na tare shi a zaure na zazzage masa komai ina shessheƙa. Ya tsaya riƙe da hular kwano, fuskarsa ta yi wani iri. Ya shiga, ya je ya durƙusa a ƙofar Hajiya kamar kullum. Ni kuwa na bi shi na tsaya a bayansa, ina jiran yau dai a yi ta ta ƙare, yau zai buɗe baki. Sai Hajiya ta juya wajen randa ta ce, da wata murya mai laushi da ban saba ji ba, "Mutum zai yi tafiya amma sai da ya tuna ya aje ma tsohuwa abin saƙonta. Allah shi yi albarka, Allah shi ba shi masu yi mashi." Haba! Na buɗe baki zan yi magana, Baba ya waigo ya yi mini wani kallo da ya sa na haɗiye ta. Ya sunkuyar da kai ya ce amin. Amin fa ya ce! An shafe masa abin da ya fi so a cikin duk abin da ya mallaka, an bi shi da albarka, shi kuma ya karɓa da hannu biyu. Ranar ko tuwo ban ci ba, kuma ban san da wa na fi jin haushi ba, da ita ko da shi.

Abin da ya rage mana shi ne ɗaya gefen. Malam Audu ya ce kada a ɗaga hankali, rabi ya fi babu, in Malam Haruna ya dawo sai a san yadda za a yi a aika wa Rabi ta adana shi, baɗi a karɓo. Baba ya ce ai Rabi mai hankali ce, ba ta yar da kaya. Duk tsawon aikin hajjin nan haka muka yi ta lallashin kanmu. Aka yi shuka, aka yi noman farko, aka yi Babbar Salla, Lahadi ta yi ta zuwa tana wucewa. Shirin jaz yana ƙarewa sai su zauna su biyu, hannun Baba ya kai kan rikoda ya dawo. Wani lokaci Malam Audu ya gwada kwaikwayon wata busar da fito, Baba ya ce ba haka take ba, shi ma ya gwada, Malam Audu ya ce shi ma ba haka take ba. Nan na fara gane cewa abin yana zame musu, su da suka ji shi sau ba adadi.

Malam Haruna ya dawo ya zama Alhaji, aka yi ta shiga ana fita ana karɓar dabino da zamzam. Da yamma ya aiko da ƙullin Hajiya: man zafi, carbi, ɗankwali, da farin hankicin nan. Da ta kwance na ga ɗigon ja, sai na daka tsalle na ruga na kira Baba, na ce ya dawo, wallahi ya dawo! Ban taɓa ganin Baba ya yi sauri irin na ranar ba. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, matan maƙwabta suka shigo jin saƙo kamar yadda aka saba, shi kuma ya tsaya daga bakin zaure, nesa da mahaifiyarsa, takalmi ɗaya a ƙafa. Aka sa ɗaya gefen aka danna. Sai muryar Gwaggo Rabi ta fito tana sallama tana kuka. Bayan ta gaida kowa ta ce ta ji muryar Hajiya har ta kasa barci, kuma da yake Alhaji yana sauri ba ta samu sayen sabon kaset ba, sai ta juya wannan. "Na ji wata busa a bayan," in ji ta, "na ce wa ya sa ma Hajiya wannan shirme, na bi ta kai." Mata suka kwashe da dariya. Ni ban iya waiwayawa na dubi Baba ba. Ta yi ta magana, ta yi ta magana, har ta yi sallama, aka ji ƙarar maɓallinta. Mata sun fara gyara mayafi za su tashi, sai ga ƙaho. Ɗan abin da ya rage a ƙarshen zaren ne inda maganarta ba ta kai ba, bai fi numfashi uku ba, Baba Kofur yana sauko da waƙar bakin turmi gida, ya ja amon ƙarshe ya sake shi a hankali. Sai dariyar Baba, yana cewa, "Kai, Kofur!" Sai ƙas.

Hajiya ta dubi randa ta ce, "Wane ne wannan?" Na ce mata shi ne mutumin da na gaya miki, da ƙarfi na faɗa don ta ji zafi. Sai ta ce Allah shi jiƙan shi. Baba ya ce madalla, an ji suna lafiya, ya juya ya fita. Kasusuwan Gwaggo duka a adudu Hajiya take tara su, in kewa ta dame ta ta sa a kunna mata, ko taɓawa ba ta bari a yi. Amma washegari da safe, da Baba ya fito zai tafi aiki, sai ya tarar da farin hankici a ɗaure a kan sirdin babur. Ya kwance, ya ga kaset ɗin ne, ya sa a aljihun gaba, ya buga babur ya tafi. Iyakar haƙurin da aka bayar ke nan, iyakar yafiyar da aka yi ke nan. Har suka bar duniya, ita da shi, ba wanda ya taɓa ta da zancen.

Yanzu ina koyarwa a Katsina, kuma ina cikin wani zaure na waya na masoya tsofaffin kaɗe-kaɗe. Duk Lahadi ake baje koli. In wani makaɗi ya rasu, kafin a gama jana'izarsa an turo duk abin da ya taɓa yi, kowa yana faɗin inda ya fara jin sa. Masu son jaz a cikinmu kuma suna ta musayar tashoshin da suka fi so, masu sa shi dare da rana, tas, ba shuuu ba hadari, ba mai hawa bedi. Kwanakin baya aka ce kowa ya ambaci marigayin da ya fi taɓa masa zuciya, sai na saki jiki na rubuta labarin Baba Kofur mai tsawo. Nan da nan aka ce, "Malama, turo mana mu ji." Na ɗauko kaset ɗin, wanda na gada a cikin kayan Baba, na kai wani shago aka juye mini shi a waya, na yanko ɗan ƙarshen na tura. Wani ya ce, "Shi ke nan?" Wani kuma ya ce ya bincika sunan ko'ina bai ga komai ba, anya ba wani nake nufi ba? Saura kaɗan in yi jifa da wayar. Ina zan kai su su ji? Malam Audu ya rasu, Gwaggo ta rasu a can, tsofaffin da suka san shi a gonakin Sheme wasu sun mutu, wasu rashin zaman lafiya ya tashe su, hanyar ma yanzu sai ka yi shawara kafin ka bi. Mutumin abu ɗaya ya roƙa, a ji shi bayan ransa, kuma kalma ɗaya tsakanin uwa da ɗa da ta isa. Ana ta yaba mini kunyar mutanen da, ni ma na san tana da kyawunta, amma na ga abin da ta ci a gidanmu, kuma har yau ban huce ba.

Mai shagon ya so ya yi mini gwaninta, ya ce bari ya share surutun tsofaffin nan ya bar mini kiɗan kawai. Na daka masa tsawa har ya tsorata, ni ma na tsorata da kaina. Yanzu in Lahadi ta yi, bayan la'asar, ba na tsallakawa zuwa ƙarshe ko da yake da yatsa ɗaya zan iya. Ina farawa daga gwiwar Hajiya da jar akuyarta, in ji wata yarinya mai rawar kai tana gaida gwaggonta, in bi Gwaggo Rabi da kukanta da sallamarta, ina jin haushinsu ina kuma kewarsu, har in iso wurin ƙahon. Duk duniya nan kaɗai muryar Babanmu ta rage, kalma biyu da dariya. Da yana nan da na tambaye shi me ya hana shi magana, kuma na san shiru zai yi.